Filin Masu Kyamara: Ɗaukar Hoton Mutane a Titi da Kasuwa

Wasiƙun da suka shigo mana a wannan watan yawancinsu sun karkata ne ga hoton titi, wato ɗaukar jama'a a cikin harkokinsu na yau da kullum ba tare da an tsayar da su an shirya su ba. Na zaɓi guda huɗu, kuma na taƙaita su kafin amsa.

Tambaya daga wani matashi a Fagge, Kano: Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan da na fara ɗaukar hotunan titi, amma duk lokacin da na ɗaga kyamara sai gabana ya faɗi. Kwanakin baya wani dattijo ya daka mini tsawa a kasuwa, har mutane suka taru a kaina. Tun daga ranar nake tsayawa daga nesa ina jawo hoto, kuma hotunan ba su da rai. Na ji cewa manyan masu wannan aikin a Turai ɓoye kyamararsu suke yi. Ko ni ma in bi hanyarsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da aka haifa a 1908 ya rasu a 2004, wanda ake ɗauka a matsayin jagoran wannan fanni, ƙaramar kyamara ƙirar Leica yake riƙewa, kuma yakan liƙe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin tef don kada ta ja ido. Sai dai ya kamata ka tuna cewa a manyan titunan Faris mutane dubbai ne ke wuce juna babu wanda ya san wani, don haka mutum zai iya ɓacewa a cikin taro. A Fagge ko a lungunan Kasuwar Kurmi abin ba haka yake ba, domin kowace rumfa da mai ita, kowane layi da mazaunansa, kuma baƙuwar fuska ba ta yin minti biyar ba a lura da ita ba. Idan aka ga mutum yana laɓe yana saita kyamara a ɓoye, tunanin da zai fara zuwa wa jama'a shi ne ko ɗan leƙen asiri ne, ko ma'aikacin haraji, ko mai neman abin da zai watsa a Facebook don a yi dariya. A halin tsaron da ake ciki, ban ga laifin dattijon nan ba ko kaɗan.

Shawarata ita ce ka daina neman ɓuya, ka nemi sabo. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Mai hoton da aka saba gani kullum shi ne ake mantawa da shi, kuma a lokacin da aka manta da shi ne mutane ke komawa yadda suke, fuska ta saki, hannu ya ci gaba da aikinsa. Na taɓa son ɗaukar wani mai shayi a unguwarmu, saboda yadda yake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, yana ɗaga hannu har sama da kansa ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba ba. Ranar farko da na zauna a bencinsa da kyamara a wuya, hirar majalisar gaba ɗaya ta tsaya. Na yi sallama, na sayi shayi da burodi, na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, na tashi ban ɗauki komai ba. Haka na yi ta zuwa bayan sallar asuba har kwana biyar. A rana ta shida musun ƙwallo ya kaure tsakanin wasu samari biyu, kowa ya juya gare su, hasken safiya ya ratso tururin tukunya, mai shayin ya ɗaga hannu yana dariya, sai na danna sau uku. Bayan mako guda na wanko hoton na kai masa, kuma har yau yana manne a jikin akwatin madararsa. Daga nan mai gyaran rediyo da ke gefensa da kansa ya kira ni.

Wannan hanyar tana da manyanta a nan Afirka ta Yamma. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba wa babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007, ya shahara ne da hotunan samari da 'yan mata a wuraren rawa da bakin kogin Neja a shekarun 1960. Matasan ne ke gayyatarsa, sun san shi sun san shagonsa, kuma sukan zo daga baya su duba hotunan su zaɓi nasu. Abin da ya sa hotunansa ke da rai ke nan.

Game da tsayawa nesa kuwa, Robert Capa, wanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum tare da Cartier-Bresson a 1947, shi ake danganta wa maganar nan cewa idan hotonka bai yi kyau ba, to ba ka matsa kusa ba ne. Jawo hoto daga nesa yana matse komai wuri ɗaya, mai kallo kuma yakan ji a jikinsa cewa leƙe aka yi. Ka matsa har taku uku ko huɗu tsakaninka da mutum. Idan ya ce ba ya so, ka sauke kyamara, ka ba shi haƙuri, in ka riga ka ɗauka ka goge a gaban idonsa. A babbar kasuwa ka fara gaishe da shugaban layin, a cikin unguwa kuma ka sanar da mai unguwa. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da ƙofar banki, waɗannan kada ka saita musu kyamara sam.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Damagaram: Malam, hotunana duk sun zama iri ɗaya: ƙofar fada, tsofaffin gidajen Birni, raƙuma a kasuwa. Na gaji da su, har na fara tunanin cewa garinmu ya ƙare mini. Da wayar hannu nake aiki. Shin in tara kuɗi in sayi babbar kyamara?

Amsa: Malama, ki riƙe kuɗinki tukuna. Babbar kyamara za ta ba ki ƙofar fadar nan da raƙuman nan, sai dai su ƙara fitowa tas. Karin maganar da na kawo wa ɗan'uwanmu na Fagge ta juyo kanki ta ɗaya ɓangaren: idonki ya raina abin da yake gani kullum, shi ya sa kike zuwa neman abin da baƙi ke ɗauka, wanda an riga an ɗauke shi sau dubu. Maganin wannan shi ne ki ƙuntata wa kanki da gangan, domin mai zaɓi da yawa ba ya zurfafa kallo.

Ki zaɓi lungu ɗaya a Birni ko a Zango, wanda bai wuce taku ɗari ba, ki yi wata guda ba ki ɗauki hoto a wani wuri ba. A makon farko za ki ji kamar babu komai a cikinsa. A mako na biyu za ki fara sanin lokacin da inuwar zanko ke faɗowa a tsakiyar hanya, da sa'ar da 'yan makarantar allo ke fitowa, da inda mai tallar fura ke sauke ƙwaryarta ta huta. Daga nan sai ki juya tsarin aikin: maimakon ki bi mutum da waya, ki fara samun bango mai kyau da haske mai kyau, ki daidaita gefunan hoton yadda babu igiyar wuta ko leda da ta shigo, ki tsaya ki jira wanda zai ratsa. Wani lokaci jiran yakan kai rabin sa'a, amma ranar da yarinya mai jan mayafi ta gifta gaban bangon ƙasa mai zane, a daidai inda kika tanadar mata, za ki ga bambancin hoton da aka jira da wanda aka yi wa gaggawa. A cikin watan nan kada ki taɓa jawo hoto da yatsu a fuskar waya, domin a yawancin wayoyi yanke hoton kawai ake yi, ingancinsa ya ragu. Idan abu ya yi miki nisa, ki taka ki je.

Hanya ta biyu ita ce ki ɗauki batu ɗaya ki zauna a kansa. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya ci gaba shekara da shekaru har ya tara hotuna kusan 1,000, yawancinsu ma daga ƙeya ya ɗauke su, babu fuska. Kitso abu ne da kowa ke gani kullum, amma shi ne ya tsaya ya kalle shi, kuma yau manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya suna ajiye da aikinsa. Ke ma za ki iya yin wata uku a kan hannuwa kaɗai: hannun baduku yana saƙa fata, hannun mai awo a kan tiya, hannun tsohuwa a kan tasbaha. Kuma akwai ƙofar da ke buɗe gare ki wadda ni da sauran maza ba za mu taɓa shiga ba, wato tsakar gida a ranar suna, da zaman ƙunshi, da wurin surfe da daka. Rabin rayuwar Hausawa a can take gudana, kuma hotunanta sun yi ƙaranci ƙwarai. Sharaɗin dai shi ne kowace mace ta san inda hotonta zai je, kuma abin da aka yarda ki ɗauka don ajiya kada ya hau intanet sai da sabon izini.

Abu na ƙarshe da zan gaya miki shi ne tankaɗe. Robert Frank ya zagaya Amurka a tsakiyar shekarun 1950 ya ɗauki hotuna sama da 27,000, amma 83 kacal ya fitar a littafinsa. Mu kuwa sai mu ɗauki ashirin da safe mu wallafa goma sha biyar kafin azahar. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma kowace dannawa kuɗi ce, don haka mutum yakan yi tunani kafin ya danna. Ki gwada iyakance kanki ga 36 a kowace fita, sannan ki bar su mako biyu ba ki duba ba. Idan kika dawo, daɗin lokacin da kika ɗauka ya gushe daga ranki, sai ki ga hoton kansa tsirara, ki zaɓi ɗaya ko biyu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato: Ranar garinmu tana ƙona mini hotuna, fuska ta yi baƙi ƙirin, farar riga kuma ta yi fari fat babu alamar ɗinki. Me zan yi?

Amsa: Ka fita daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan da la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da siffar fuska. Idan dole ne da tsakar rana, ka shiga ƙarƙashin rumfunan kasuwa, inda haske ke tsiyayowa ta hujojin kwano da buhu. A waya, ka taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar ka ɗan rage hasken, domin inuwar da ta yi duhu ana iya ɗaga ta daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. A kyamara, ka sa buɗin gilashi a f/8, saurin ƙiftawa a 1/250 na daƙiƙa ga masu tafiya a ƙasa, 1/500 ga babur da a-daidaita-sahu. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa rana ya ba ka haske mai laushi kusan yini guda, amma ƙurarsa tana shiga kyamara, saboda haka kada ka canza gilashi a fili, kuma ka riƙa lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Na lura cewa hotunan almajirai da mabarata su ne suka fi samun karɓuwa a shafina na Instagram. Ko akwai laifi in mai da hankali a kansu?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ta taɓa ni, kuma zan gaya maka ra'ayina ba rufa-rufa. Yaron da ke tsaye da roba a bakin danja ba shi da ikon ce maka a'a, iyayensa suna wani gari, kuma bai san cewa fuskarsa za ta yi shekara ashirin tana yawo ba, har ya girma ya yi iyali. Sauƙin ɗaukarsa ne ya sa hotunan irinsa suka yi yawa, kuma sauƙin nan shi ne ya kamata ya tsayar da kai. Kafin ka danna, ka tambayi kanka ko za ka yarda wani ya ɗauki ƙanenka a wannan halin ya watsa.

Idan da gaske rayuwar almajirai ce ta dame ka, to ka je tsangayar, ka gaishe da malaminsu, ka bayyana masa niyyarka, ka karɓi hukuncinsa ko da ƙi ne. In ya yarda, ka zo da asuba ka ga yadda ake karatu a gefen wutar kara, da yadda yaro ke wanke allonsa ya jingine shi a rana, da yadda gardi ke fiƙe alƙalami ya tsoma a tawada yana rubuta wa ƙarami sabon darasi. Ka ɗauki wahalar ma idan ka gan ta, wurin kwana da ƙafar da babu takalmi, domin ɓoye ta ƙarya ce, amma ka ɗauke ta a matsayin wanda ya san sunan yaron da garinsu. Idan ka kammala, ka wanko hotunan ka kai wa malamin da yaran su fara gani kafin kowa, kuma duk wanda suka ce a cire, ka cire shi.