Ina zan ga tsuntsun kiwi a Niyu Zilan?

Ɗan'uwa, ka ce mako guda za ka yi a Niyu Zilan, kana tambayar inda za ka ga kiwi a daji. To, ka rage buri tukuna. Kiwi ba ya tashi, kuma sai dare ya yi yake fitowa kiwo. 'Yan ƙasar ma da yawa ba su taɓa yin ido biyu da shi ba.

In kana Wellington, ka shiga zagayen dare na Zealandia, wani kwari da aka kewaye da shinge don hana ɓeraye da kyanwoyi shiga. Su ne masifar. Kafin zuwan mutane, babu dabbar tudu mai shayarwa a tsibiran sai jemage, shi ya sa tsuntsaye da dama suka daina tashi, suka koma sheƙa a ƙasa.

Ni dai na fi son tsibirin Tiritiri Matangi, kusa da Auckland. Can za ka iya ganin takahe da rana tsaka, tsuntsun da aka ɗauka ya ƙare har sai da aka sake gano shi a 1948. Ka wanke takalmanka sarai kafin ka hau jirgin ruwan, ba sa wasa da wannan.