Tambayoyinku Kan Fasaha: Yaranmu da Manhajojin Bidiyon Waƙa

Saƙonnin makon nan kusan duk a kan TikTok da 'yan uwanta suka taru. Na zaɓi huɗu, na kuma sakaya sunayen masu su, domin maganar yara ce.

Wata uwa daga Zariya ta rubuto: "Assalamu alaikum. 'Yata shekararta goma sha ɗaya. Da an taso Islamiyya sai ta ɗauki wayata ta shiga TikTok, tana bin waƙa da baki, wani lokacin har ta ɗora bidiyon. Mahaifinta ya ce a goge manhajar, ni kuwa wasan yara nake gani. Akwai illa?"

Wa'alaikumussalam, Hajiya. Kalma ɗaya ce ta fi tsaya min a rai cikin saƙonki: "wayata". Duk kariyar da TikTok ya tanadar wa yara a kan ranar haihuwar da aka saka lokacin buɗe shafi take rataye. Tunda da shafinki yarinyar take shiga, a wurin manhajar babbar mace ce ke kallo. Ƙofar saƙon sirri a buɗe take, bidiyon da ake ɓoye wa yara zai zo mata, abin da ta ɗora kuma kowa na iya gani idan ba ki rufe shafin ba. Wannan shi ne halin da gidajenmu da yawa suke ciki, waya ɗaya hannu biyar, kuma waɗanda suka tsara kariyar ba irin gidajenmu suka hanga ba.

Ƙa'idar kamfanin kanta shekara 13 ce mafi ƙaranci. Ba kuma don ra'ayinsu kawai suka saka ta ba. A watan Fabrairun 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Musical.ly, manhajar da ByteDance, kamfanin da ya mallaki TikTok, ya saya a 2017 ya haɗe da TikTok a 2018, dala miliyan 5.7 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. A 2023 Birtaniya ta sake cin su tarar fam miliyan 12.7, bayan ta ƙiyasta cewa yara 'yan ƙasa da 13 har miliyan 1.4 na amfani da manhajar a ƙasar a 2020.

Ki duba bidiyon da ta riga ta ɗora da idon baƙo. Bajen makaranta a jikin hijabi, ƙofar gidanku, shagon da ke kallon layinku, muryar wani yana kiran sunanta daga tsakar gida: duk adireshi ne. Idan kuma wani ya sauke bidiyon ya jefa a WhatsApp, ko kin goge naki ba ya dawowa.

A ganina mahaifinta ya fi kusa da gaskiya, ko ba komai a batun ɗorawa. Ki goge abin da ta ɗora, ki mayar da shafin na sirri, ki kashe damar saukewa. In sha'awar rera waƙa da ɗaukar kanta take yi, kyamarar wayar ta isa, a kalla a gida a yi dariya tare. Don kallo kuma YouTube Kids ya fi dacewa da shekarunta, ko da yake shi ma kada a bar mata shi ba leƙe. Roƙona ɗaya, kada a yi abin da faɗa. Ba ta yi laifi ba, abin da ta ga manya suna yi ta kwaikwaya.

Wani magidanci daga Maraɗi ya ce: "Ɗana shekararsa 15, yana da wayarsa. Ba na son in ƙwace, amma sai ya kai ƙarfe ɗaya na dare yana kallo. Ya zan yi?"

Malam, ka yi daidai da ba ka ƙwace ba, don da ka ƙwace sai ya koma wayar aboki inda ba ka da ido ko kaɗan. Fara da tambayarsa wace shekarar haihuwa ya saka. Yawancin yara ƙari suke yi. In ya ƙara, mafi sauƙi a buɗe sabon shafi da shekarunsa na gaskiya, domin a nan kariyar take: tun Janairun 2021 shafin ɗan ƙasa da 16 a rufe yake farawa. Ban da haka, ba shi da damar saƙon sirri, ba ya kuma iya shirin kai tsaye sai ya kai 18. Tun Maris 2023 akwai iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da 18, sai dai kada ka dogara da ita, matashi na iya saka lambar sirri ya ci gaba.

Sannan ka buɗe naka shafin. Ka shiga saituna, ka nemo inda aka rubuta Family Pairing, ka zaɓi kai ne uba. Zanen lamba mai kusurwa huɗu zai fito, sai ya haska da kyamarar wayarsa. Daga nan kai ke saka iyakar lokaci, ka tace wasu kalmomi, ka kunna takaita abubuwan da ba su dace ba. Ka sani ba zai nuna maka saƙonninsa ba, ba kuma zai hana shi buɗe shafi na biyu a ɓoye ba. Shi ya sa nake son ku zauna ku saita tare, yana kallo.

Matsalar dare kuwa Family Link na Google ya fi maganinta. Yana aiki a Tecno, Infinix, itel da sauran wayoyin Android, yana kulle wayar gaba ɗaya a lokacin da ka zaɓa, ba a kuma sauke sabuwar manhaja sai ka amince. Dalilin da yaro ke kasa ajiye waya ba taurin kai ba ne kaɗai. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa ya tsaya kan kowane bidiyo, ta kawo masa irinsa, kuma shafin ba shi da ƙarshe. Manya ma abin na cin su. Dokar da na fi ganin tana aiki ba ta buƙatar data: a bar wayoyi suna caji a falo, har da taka.

Wata malamar makaranta ta tambaya: "Ɗalibaina sun ce Likee ta fi TikTok tsafta. Haka ne?"

A'a, Malama. Sauya suna ne kawai. Likee ma tana da shirin kai tsaye da kyaututtukan da ake saye da kuɗi, kuma baƙi na iya yin tsokaci. Kowace manhaja suka kawo miki, Likee ce, Reels na Instagram ne ko Snapchat, ki gwada ta da abu uku: baƙo zai iya aiko saƙo? Ana iya gane inda yaro yake? Ana iya turo masa kuɗi ko kyauta? Ki kuma koya musu cire wa waɗannan manhajoji izinin ganin wuri a saitunan waya.

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan: "Ƙanwata shekararta 16. Wani ya riƙa yabon bidiyonta, suka koma WhatsApp, yana turo mata kati. Ya karɓi hotonta wanda bai dace ba, yanzu ya ce ko ta turo kuɗi ko ya watsa. Ni kaɗai ta faɗa wa."

Innalillahi. 'Yar uwa, Allah Ya saka miki da kika zama wadda ta iya tunkara. Ki fara gaya mata ita aka zalunta. Wannan sana'a ce ta wasu miyagu, da yabo suke farawa, sai kyauta, sai a koma inda ba mai gani. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya goge shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya da ke irin wannan damfara, kuma samari ma na faɗawa sosai.

Kada ku biya ko sisi, wanda aka bai wa sau ɗaya dawowa yake yi. Kada kuma ta goge hirar. Ku ɗauki hoton barazanar, da lambarsa, da sunan shafinsa, da lambar asusun da ya bayar, amma kada ku tura wa kowa hoton nata, ko da sunan shaida. Bayan nan ku kai rahotonsa a cikin manhajar ku toshe shi.

Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, wanda cibiyar kare yara ta NCMEC a Amurka ta buɗe a 2023 don 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayarta. Wata lamba ce ake cirowa daga jikinsa kamar zanen yatsa, sai Facebook, Instagram da TikTok su yi amfani da ita su gane shi su cire. Ba ya kaiwa ga saƙonnin WhatsApp, saboda a kulle suke. Don haka dole a haɗa da hukuma: ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, mafi kusa ko sashen laifukan intanet na 'yan sanda.

Nauyin nan ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Ki zaɓi babba guda mai sanyin hali, uwa ko goggo ko kawu, ki fara yi masa bayani ke kaɗai kafin a kira ta, kuma ki roƙa kada a daka, kada a yi gori. Kwanakin nan ki riƙa kwana ɗaki ɗaya da ita. In kin ji tana maganar gara ta mutu, kada ki ɗauka magana ce kawai, a ranar ku kai ta wurin likita.