Ƙwayar kondirotin da ciwon gwiwar Hajiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekararta 64, kuma kusan shekara biyar ke nan tana fama da ciwon gwiwa, har ta kai sallah ma a kan kujera take yi. Ƙanena da ke Ingila ya aiko mata da wata kwalbar ƙwaya, a jiki an rubuta Chondroitin da Glucosamine, ya ce tana mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Hajiya tana shan maganin hawan jini da na suga. Da gaske ne tana gyara gwiwa? Kuma babu illa in ta haɗa da magungunanta?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri.

Kondirotin ba ya mayar da guringuntsin da ya riga ya zaizaye. Na faɗi wannan tun da wuri domin kada Hajiya ta ɗora rai a kan abin da ƙwayar ba za ta iya ba. Iyakar abin da ake fata shi ne ta ɗan rage zogi, kuma ko wannan ma ba kowa yake samu ba.

Shi kondirotin wani sinadari ne da Allah ya halitta a cikin guringuntsinmu, shi ne yake riƙe ruwa a ciki har ya yi laushi kamar katifa tsakanin ƙashi da ƙashi. In shekaru suka tura, ko nauyi ya yi yawa, ko an taɓa samun rauni, sai katifar nan ta riƙa sirancewa. Idan na ɗora tafin hannu a kan gwiwar dattijuwa na ce ta lanƙwasa, ina jin ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin hannuna kamar ana niƙa tsakuwa. Masu haɗa ƙwayar sun yi tunanin cewa in aka tatso sinadarin daga guringuntsin dabba aka sha, zai je ya cike gurbin. Amma abin da aka haɗiye sai ya bi ta hanji, kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini.

An gwada abin sosai. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban bincike mai suna GAIT, aka fitar da sakamakonsa a 2006. Mutum 1,583 masu ciwon gwiwa aka raba kashi biyar: masu shan kondirotin miligiram 1,200 a rana, masu shan gulukosamin (ɗaya sinadarin da ke cikin kwalbar Hajiya) miligiram 1,500, masu haɗa biyun, masu shan maganin zogi na asibiti, da kuma waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta ba tare da sun sani ba. Bayan mako 24, wajen mutum 60 cikin 100 na masu shan ƙwayar wofin sun ce sun ji sauƙi, kuma masu shan kondirotin ba su ɗara su da wani abin kirki ba. A wani ƙaramin rukuni na masu ciwo matsakaici zuwa mai tsanani ne kawai aka ga alamar haɗin biyun ya taimaka. Saboda haka in maƙwabciya ta ce wa Hajiya ita ta sha ta ji daɗi, ba ƙarya take yi ba, sai dai ciwon gwiwa dama yakan tashi ya lafa, kuma sa rai shi kansa yana rage zogi.

A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen kondirotin 43 da aka yi wa mutum sama da 9,000, ta samu ɗan sauƙin zogi, wajen maki 8 a ma'aunin 100, ta kuma ce yawancin gwaje-gwajen ba su da ƙarfi. Shi ya sa har yanzu bakin masana bai zo ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a 2019 ta ce kada a ba da shi don gwiwa ko ƙugu, ta yarda da shi da sharaɗi don ciwon gaɓoɓin yatsun hannu. Wata ƙungiyar masana a Turai kuma ta yarda da shi, amma irin wanda aka tace aka auna a matsayin maganin asibiti. Bambancin yana da muhimmanci, domin yawancin na kanti a matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, kuma an sha auna wasu kwalabe a tarar abin da ke ciki bai kai wanda aka rubuta a jiki ba. Wanda zai saya a Najeriya ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ta fuskar illa kuwa hankalinka ya kwanta, ƙwayar tana da sauƙi. Abin da aka fi gani shi ne tashin zuciya, kumburin ciki, gudawa ko taurin bayan gida, kuma shanta bayan an ci abinci yakan rage wannan. Ba a san ta da faɗa da magungunan hawan jini na yau da kullum ba. Batun suga ya fi shafar gulukosamin ɗin da ke haɗe, kuma yawancin bincike bai nuna yana tayar da shi ba, amma Hajiya ta ƙara yawan auna sugarta a makonnin farko. Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne maganin tsinka jini, musamman wafarin. An samu waɗanda jininsu ya tsinke fiye da kima bayan sun haɗa su, don haka mai shan wafarin kada ya taɓa ta sai da sanin likitansa. Mai asma ya lura da numfashinsa. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa ya yi hattara, domin daga ɓawonsu ake yin yawancin gulukosamin. Mai ciki da mai shayarwa su bar ta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma na san Hajiya za ta so ta sani. Ana ciro kondirotin daga maƙogwaron shanu, ko guringuntsin alade, ko na kifin shak, ko na kaji. Juya kwalbar ka karanta bayanta. In ka ga bovine, na saniya ne. Porcine na alade ne. Marine ko shark na kifi ne. Kwanson ƙwayar ma sau da yawa da jelatin ake yinsa, shi ma daga dabba. In ba a rubuta komai ba, ƙanenka ya nemi mai tambarin halal ko na kifi.

Tunda an riga an saya, in ka tabbatar da tushenta kuma likitan Hajiya ya ga kwalbar, ban hana ta gwadawa ba. Ku yi gwajin da lissafi. Kafin ta fara, rubuta a takarda: minti nawa take iya tafiya kafin ta nemi wurin zama, tana iya tashi daga tabarma ba tare da an kama ta ba, sau nawa zogi yake tashinta da dare. Ta sha kullum tsawon wata uku, domin ba ta aiki da wuri. In an duba takardar ba a ga canji ba, a daina, kuɗin ya tafi wani wurin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wannan kwalbar ba ce. Kwanaki wata dattijuwa ta zazzage mini ledarta a kan tebur, ga magungunan zogi dikilofenak da ibuprofen, ga wasu ƙwayoyi ƙanana da aka ƙulle mata a kemis ba suna, duk tana sha tare shekara biyu saboda sanyin ƙashi. Fuskarta ta kumbura, ƙodarta ta fara gazawa. Irin waɗannan su ne suke jawo gyambon ciki, su tayar da hawan jini, su lalata ƙoda, kuma mai suga da hawan jini kamar Hajiya ta fi kowa shiga haɗarinsu. Don Allah ka duba ledarta yau. Maganin zogi na shafawa a gwiwa ya fi mata aminci a kan na sha.

Abubuwan da suka tabbata suna taimakawa ba a kwalba suke ba. Duk kilo ɗaya da ta rage, nauyin wajen kilo huɗu ne ya sauka daga kan gwiwarta a kowane taku. Ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa ɗaya, ta riƙe ta ƙirga goma, ta sauke, sau goma kowace ƙafa safe da yamma, domin naman cinya shi ne yake tallafe gwiwa. Ta riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen da ba ya ciwo, a kuma sama mata masai na zama maimakon na tsuguno. In kuwa wata rana gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi ga taɓawa, ga zazzaɓi, ko ta kasa taka ƙafar gaba ɗaya, a kai ta asibiti a ranar.