Amsa ga Hajiya: yadda masu jin Fotugis ke riƙe mai ciwon dajin nono

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na taso daga aiki. Hajiya, na ji tambayarki tun da rana, kan abokiyar aikinki 'yar Birazil da aka samu da ciwon dajin nono. Kika ce kafin mako ya zagayo mutanenta sun haɗa mata kuɗi, har da masu kai mata abinci, wai ƙungiya gare su ko yaya. To bari in faɗi abin da idona ya gani, tunda nan jihar Masachusets ta Amurka nake, kuma a sashen masu ciwon daji nake aiki.

Su masu jin Fotugis ɗin nan kashi-kashi ne. 'Yan Birazil sun cika Framingham, 'yan Fotugal da tsibiran Azores sun daɗe a Fall River da New Bedford, 'yan Cape Verde kuma Brockton ce matattararsu, amma su a gida yarensu na Kiriyol suke yi. Harshen ma akwai tarko a ciki. Ɗan Fotugal zai ce wa ciwon daji cancro, ɗan Birazil ya ce câncer, shi kuwa cancro a kunnen ɗan Birazil gyambon ciwon sanyi ne. Ki duba fa, mace na zaune gabanta na faɗuwa, tafinta ya jefo mata wannan kalma.

Ƙungiya kam akwai. Akwai MAPS, ƙungiyar masu jin Fotugis ta jihar nan, wadda tushenta ya faro tun 1970, tana da ofis a Cambridge da Framingham da Lowell da wasu wuraren. Su ne ke zaunar da mace su cike mata takardun inshora da harshenta, su nuna mata inda za ta je. Wadda ba ta da takardun zama ma akwai tsarin jiha da ake kira Health Safety Net, da ke ɗaukar nauyin magani a asibitoci ga mai ƙaramin ƙarfi, amma da yawa ba su sani ba, ko suna tsoron rubuta sunansu a ko'ina. Sai wadda suka yarda da ita ta ce musu je ki, ba komai. Akwai kuma ƙungiyar matan Birazil a Boston tun 1995. Coci ma na taka rawa sosai, na Katolika da na sauran.

Kuɗin da kika ga an tara, vaquinha suke ce masa, wato 'yar saniya. Karo-karo ne dai kamar gudummawar biki. Amma ni wallahi ba kuɗin ne ya burge ni ba. Yawancin matan nan aikin share gidaje suke yi, kowace da jerin gidajenta na mako. Ranar da ba ki je ba, babu ko sisi, in kika yi fashi sau biyu uku masu gida su nemi wata. Akwai wata da muke sa wa ruwan kemo, wato ruwan maganin ciwon daji, duk bayan mako uku. Ƙawayenta huɗu suka raba gidajenta a tsakaninsu, su je su share, su kawo mata kuɗin a ambulan. Ranar kemo ɗaya za ta zo da ita, ta zauna gefenta da ɗan littafi tana rubuta duk abin da likita ya faɗa. Da gashinta ya fara zuba, wata mai shagon gyaran gashi ce ta rufe shago da yamma ta aske mata, ba kowa sai su biyu. Da ta warware, gidajenta na nan suna jiran ta.

Kada ki ɗauka ba su da ɓoye-ɓoye. Tsofaffinsu ko sunan ciwon ba sa kamawa, sai su ce aquela doença, wato wancan ciwon. Na ga wadda ta ji ƙullutu ta yi wata da watanni ba ta faɗa wa kowa ba. Shi ya sa duk Oktoba, da suke kira Outubro Rosa, za ki ga an sa ruwan hoda ana tuna wa juna hoton nono. Shawarar da aka fitar a Amurka a 2024 ita ce daga shekara 40 a riƙa yi duk bayan shekara biyu, har zuwa 74.

Abin da ke ɓata min rai shi ne a sa yaro tafinta. Na taɓa ganin 'yar shekara 14 an ce ta gaya wa uwarta za a cire mata nono. Hajiya, ki gaya wa abokiyar taki tafinta haƙƙinta ne, kyauta, a duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma ta ce na Birazil take so.

In kina son sa hannu, ki tambayi wadda ke riƙe da jerin masu kai abinci ta ba ki rana. Ki rage yaji da mai, ƙamshi na tayar musu da zuciya bayan kemo. Allah Ya ba ta lafiya. Cajina ya kusa ƙarewa, sai da safe.