Amsa: hawan dutsen Ben Nevis a watan Janairu

Malam, ka tambaya ko rigar sanyi da kambas sun isa hawan Ben Nevis, dutsen da ke Scotland, a Janairu. Gaskiya ba su isa ba.

Tsayinsa mita 1,345 ne, kuma zafi na raguwa kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. In garin Fort William da ke gindin dutsen yana digiri 5, can sama an gangara ƙasa da sifili, ga iska tana zuƙe ɗumin jiki.

Babban haɗarin yana ƙololuwa. Iska na tara dusar ƙanƙara har ta zarce bakin kwazazzabo, ƙarƙashinta fanko ne, kana takawa ta rufta da kai. Hazo kuwa in ya sauko, ba ka bambance ƙasa da sama. Wajen sauka ana bin kamfas digiri 231 tsawon mita 150, sannan a juya 282. Kada ka dogara da waya, sanyi na cinye batir.

Dole ka ɗaura ƙarafa masu haƙora a takalmi, ka riƙe gatarin ƙanƙara, ka kuma koyi aiki da su tukuna. Bar kayan auduga, suna riƙe gumi. Ɗauki fitilar goshi, duhu na yi tun ƙarfe huɗu da rabi. Duba hasashen MWIS (masu hasashen yanayin duwatsu) da SAIS (masu gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara a Scotland), in sun ce iska mai ƙarfi, don Allah ka fasa.