Amsa ga Kawu kan benen ƙasar da na gani a Yamai

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, ina wuni, ya jikin Inna? Na saurari muryarka tun da hantsi, ina kan gini ne a unguwar Zariya nan Maraɗi, hannuna duk siminti, shi ya sa sai yanzu. Ka tambaye ni abu biyu: wai da gaske na je na ga benen nan na ƙasa da ake magana a Yamai, kuma in har na gani, kai da ke son gina gidajen haya a filinka, zan ba ka shawarar ka sa kuɗinka a ƙasa bayan abin da damina ta yi mana a 2024? To bari in ba ka amsa a tsanake, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

E, na je. A watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Sunan wurin Niamey 2000. An gama shi a 2016, kuma masu zanen su huɗu ne, a cikinsu akwai 'yar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara. Gidaje 6 ne, na iyali 6, kowane hawa biyu, an haɗa su a fili ɗaya. Kawu ka riƙe wannan, domin irin filin nan a wurinmu mutum ɗaya ne zai zagaye shi da katanga, ya dasa gida guda a tsakiya, sauran ya bar wa rana.

Wani abokin aikina ne ya san mai zama a ɗaya daga ciki, shi ya nema mana izini. Wajen ƙarfe biyu muka isa, rigata ta jiƙe sharkaf. Ina sa ƙafa cikin ɗaki, wallahi sai na ɗaga kai ina neman inda na'urar sanyi take. Maigidan ya ce bai kunna komai ba. Ba wai sanyin firji ba ne, kada in yi muku ƙari, amma irin sanyin nan ne na zauren marigayi Kaka, wanda in ka shigo daga rana sai ka ji numfashinka ya dawo. Na ɗora tafin hannuna a bango, ka san halin magini. Bangon bulon siminti a wannan lokaci ɗumi yake yi kamar gefen tanda, da dare kuma ya amayo maka zafin da ya sha. Wannan kuwa lafiya lau. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, kafin ya ratso ciki rana ta faɗi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba sanyin ba ne, sutura ce. Ka san dalilin da mutanenmu ke ƙin bene: wai maƙwabci zai leƙo maka tsakar gida, ya ga iyalinka. A can na hau sama da gangan, na tsaya na duba. Kowane gida da 'yar tsakar gidansa, da wurin shan iska a sama, kuma an karkatar da tagogi da katangu yadda kowa ke cikin sirrinsa. Uwargidan tana ƙasa tana tsintar shinkafa a tire, yara na wasa gefenta, iska na shigowa, mai wucewa a titi bai san ana yi ba. Na daɗe a tsaye a wurin. Shekara da shekaru ina gina wa mutane ɗakuna a jere kamar shaguna, ƙofa na kallon ƙofa, matan haya na rataya zane don su samu inda za su zauna. Ranar na ji nauyin abin a ƙirjina.

Su masu zanen ma ba su ce daga Turai suka ɗauko dabarar ba. Tsofaffin biranenmu suka duba, Kano da Damagaram da Tumbutu, inda gidaje ke manne da juna, lungu na ba lungu inuwa. Duk wanda ya taɓa yawo a unguwar Birni a Damagaram ya san abin da nake nufi. A 2022 aikin ya shiga jerin 20 da aka tace don kyautar gine-gine ta Aga Khan. Kuma wannan kyauta ba baƙuwarmu ba ce: a 1986 masallacin Yama na jihar Tawa ya ci ta, ginin ƙasa, aikin magini Falke Barmu.

Yanzu maganar tsoronka, kuma tsoro ne mai dalili. Dukanmu mun ga yadda ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya kwantar da gidaje a Maraɗi, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Garin Maraɗi ma kansa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka taso da shi kan tudu. Ba zan ce maka ruwa ba ya cin ƙasa ba.

Sai dai Kawu, na shiga gidaje da yawa da suka faɗi, na taya kwashe ƙasa. Yawanci daga gindi suke mutuwa. Ba harsashin kirki, an ɗora tubali kan rairayi, ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu, ya jiƙa shi, sai ya zauna. Ko kuma indararo ya toshe, ko ya karye yana zuba a jikin bango, ba wanda ya kula. Da can kowace shekara kafin damina ana sabunta yaɓe, ana sa makuba. Yau wa ke yi?

Kuma tubalin Yamai ba irin namu na bakin tabki ba ne da ake cuɗawa da ƙafa a shanya. Shi ne masu aikin ke kira BTC. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a sa mata siminti ɗan kaɗan, a yayyafa ruwa ta yi damshi kawai, sannan a matse ta a injin. Ba a gasa shi. Ana lulluɓe shi da leda ya yi kamar mako huɗu yana ƙarfi a hankali. In ka ɗauki guda ka ƙwanƙwasa, za ka ji shi tsam, gefensa a miƙe kamar an yanka da wuƙa.

To shawarata. Ina goyon bayan ka yi, amma da sharaɗi. Harsashi na dutse da kankare, ya ɗago sama da ƙasa sosai, yadda ko ruwa ya kwanta ba zai taɓa tubali ba. Rufi ya zama mai fitar da ruwa nesa da bango. In bene kake so, kada ka yarda ni ko wani magini ya ce maka zai yi da ido. A nemo injiniya ya yi lissafin nauyi, a biya shi haƙƙinsa. Kuma kada ka shiga da tunanin araha. Simintin da za ka saya zai ragu, amma aikin hannu zai ƙaru, kuma yaranmu sai an koya musu, don wannan tubali ba ya son gaggawa. Akwai kuma maganar masu haya: wasu da sun ji an ce ƙasa za su ja baya, su ce gidan talaka ne. Shi ya sa nake ganin ka fara da gida biyu a gefen gabas na filin, mutane su shiga a watan Mayu su ji da jikinsu.

Abin da ya rage shi ne ƙasar kanta. Tamu ta tudu rairayi ya yi mata yawa, ta fadamar Gulbi kuma laka ce mai tsagewa in ta bushe, don haka sai an gwada, wataƙila sai an haɗa ko an ɗauko daga wani wuri. Ka sa yara su haƙa rami kamar kamu biyu a filin, su ɗebo ta ƙasan, ban da ta sama mai ciyawa. A zuba a kwalba mai haske zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, mu ga rabon kowanne. In Allah ya kai mu Juma'a, bayan an sauko masallaci zan biyo in duba kwalbar, in zo maka da hotunan da na ɗauka. A gaishe da Inna.