Teku na cin gaban rumfarmu: mu zuba duwatsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da rumfar sauke kifi kudu da birnin Bur Sudan, a gaɓar Bahar Maliya. Cikin shekara uku yashin gabanta ya zaizaye, har ruwa na taɓa turaku. Wani ɗan kwangila ya ce mu haɗa kuɗi ya jera mana duwatsu su miƙe cikin ruwa. Wallahi tsoro nake kada rumfar ta tafi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ku ba shi ko fam ɗaya tukuna.

Yashin gaɓa matafiyi ne. A yankinku iskar arewa ta fi yawa, igiyar ruwa na dukan gaɓa a karkace, tana tura shi gaba kaɗan-kaɗan. Ga shi babu kogin da ke zuba a Bahar Maliya duk shekara. Yashin daga farfasasshen murjani yake, sai wanda kwari irin na Arba'at ke kawowa lokacin ambaliya. Bai da yawa.

Maganar duwatsun nan ita ke ƙona mini rai, kullum sai na ji ta. Dutse ba ya haifar yashi, tare shi kawai yake yi. Ya taru a gefen da yake fitowa, ɗaya gefen ya rame. Na tsaya a inda aka yi haka: hannun dama tudun yashi har gwiwa, hagu kuwa tushen ginin maƙwabci a waje, ruwa na wasa ƙarƙashinsa. Shi ma maƙwabcin sai ya zuba nasa, ɓarnar ta matsa gaba. Wanda bai taɓa auna gaɓarku ba, ta ina ya san gefen da rumfarku za ta faɗa? Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ku ya bari da rigima.

A fara da taswira. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro daga 1972, na Sentinel-2 daga 2015, kuma kyauta ne. A jera su a ga inda bakin ruwa yake kowace shekara, amma wata ɗaya za a riƙa kwatantawa, domin tekun nan ya fi cika da hunturu.

Ku kuma ku kafa turke, duk wata ku auna daga shi zuwa bakin ruwa, ku rubuta. Sannan ku taka arewa da ƙafa ku duba: an yi sabuwar matsayar jiragen ruwa? Tifa na kwasar yashi? An sare itatuwan shora, masu tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku? Turo mini abin da kuka gani.